Hankicin da Ɗana Ya Daina Ɗauka

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan maido maku da abinku. Mai goro a baki ya tofar, mai waya a hannu ya kife ta. Bakina ya saba da tatsuniya, amma wannan da zan faɗa ba a dawa aka yi ta ba. A ƙofar gidanmu aka yi ta, nan Ƙofar Durbi, ina zaune ina gani.

Ina da jika mace, ɗiyar babban ɗana, wadda aka sa wa sunana. Saboda haka duk gidan ba mai kiran sunan nata. Ni takwara nake ce mata, ita kuma ta ce mani tsohuwa. Ranar da aka haife ta ina asibitin. Uwarta ta kwana ta wuni tana naƙuda, da yarinya ta faɗo ba ta yi kuka ba, sai da aka daɗe ana fama da ita sannan ta yi ɗan ƙara kamar na ɗan kyanwa. Kafin suna ciwon shawara ya kama ta, idonta ya yi rawaya. Watanni suka wuce wuya bai tsaya ba. Lokacin zama ya zo ba ta zauna ba. Likita ya zaunar da mu, ya ce wahalar haihuwa ce ta taɓa wurin da ke juya gaɓoɓi a cikin kai, abin ba ya warkewa amma kuma ba ya ƙaruwa. Mutane suna ce mashi galahanga. Hannunta na dama a lanƙwashe yake a ƙirji, ƙafafu sun harɗe, magana tana fitowa da ƙyar kamar ana jawo guga daga rijiya mai zurfi, miyau kuma yana zubo mata ba da sonta ba. Hankali kuwa, ku tambayi duk wanda ya taɓa yi mata alkawari ya manta.

Sanda aka haife ta ubanta yaron shago ne. Da keke yake zuwa kasuwa, keken ma ba burki sai ƙafa. Sai da ta yi wayo sosai, aka fara gine-gine ta hanyar Batagarawa, sannan ya buɗe nashi shagon tayil da fenti, Allah ya buɗa mashi. Bai fara da mota ba, bai fara da riga ba. Ɗaki ya gina wa ɗiyarsa a tsakar gida, mai faɗin ƙofa yadda kekenta na guragu zai shiga ba tare da an kankare mata gwiwa ba, ya shimfiɗa tayil shuɗi har bango don a ji daɗin wankewa, ya yi mata banɗaki a ciki da ƙarfen dafawa. Ya fi ɗakina kyau, na kuwa yi mashi ƙorafi, ya ce in na daina tofar da goro a bango za a duba lamarina.

Kullum bayan la'asar sai a tura ta bakin zaure. Nan ne duniyarta. Mai tallan awara, mai kai markaɗe, dattawan da ke zama a dakalin da ke fuskantar gidanmu, kowa ya san ta, kowa ya gaishe ta. Dab da magariba ubanta ya dawo. Ba ya shiga gida sai ya tsuguna a gabanta, ya zaro hankici daga aljihun gaba, ya goge mata haɓa, ya ninke ya mayar, sannan ya ce, “To, yau wa ya wuce?” Ita kuma ta shiga ba shi labari. Kowa a gidan nan, har da ni, in ta fara magana sai mu ƙarasa mata don mu huta. Shi kaɗai ne yake jira har kalmar ta gama fitowa. Tun tana ƙarama haka suke yi, har ta kai shekarun da sa'o'inta suka fara ɗaura kallabi suna kallon madubi.

Da ya sa sola, ya kafa farantin nan a kan rufi, sai gidanmu ya zama gidan kallo. Da hantsi, in maza sun fita, matan lungu su taru a falon uwarta su kalli maimaicin wasannin nan masu dogon zango. Rimot yana hannun takwara na hagu, ba mai taɓa shi.

Masu shirya wasannin nan ban san su ba, ban san iyayensu ba, amma na rantse ba wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da mai galahanga a cikinsu. In sun sako irinsu, to don a yi dariya ne: a ɗauko ƙaton namiji lafiyayye, ya murguɗe baki, ya riƙa bin 'yan mata yana dalala, a kwaɗa mashi muciya ya faɗi. Ko kuma a sako shi don a yi kuka, a ajiye shi a kusurwa kamar buhun gero, a kunna sarewa mai ban tausayi, ba ya so ba ya ƙi, ba ya fushi, ba ya jin yunwa, jira kawai yake ya mutu don mugun gidan ya yi nadama. Takwarata kuwa in aka sa mata gishiri da yawa a miya sai unguwa ta ji. Ban taɓa ganin sun nuna wanda ya ƙi miya ba. Duk wannan mun gani mun tsartar, mun ce shirmensu ne.

Sai aka fara wani sabon shiri. Wani Alhaji mai gidan sama da motoci, yana da ɗiya a ɓoye. Ranar da aka fara nuna ɗiyar, kowa a falon yana satar kallon takwara. Wata kyakkyawar yarinya ce aka sa, fata sumul, dugadugai kamar ba ta taɓa taka ƙasa ba, har da sauran lalle a farce. Ta karkace wuya, ta juya ido sama, ta riƙa gurnani. Abin da ke zuba daga bakinta kuwa, ni da na shekara ina kaɗa miya na san kuɓewa in na gan ta.

Da aka sake nuna ta a mako na gaba, sai takwara ta zungure ni da rimot.

“Tsohuwa,” ta ce, tana jawo maganar. “Wancan makon... hagu ne.”

“Mi ne ne hagu?”

“Hannun. Yau... ya koma dama.”

Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce, “Ke dai ba a cin bashinki a kwana lafiya.” Takwara ta ce a kawo mata yarinyar ta koya mata, kyauta. Ranar mun yi raha, ban san ita ce ta ƙarshe ba.

Satin da ya biyo baya aka nuna sirrin Alhajin. Ya zaro makulli, ya buɗe wani ɗaki da ya fi duk ɗakunan gidan kyau, tayil yana ƙyalli. Ya tsuguna gaban ɗiyar, ya zaro farin ƙyalle, ya goge mata miyau, ya ninke ya sa a aljihu. Ya kai ƙyallen cikin wani akwati ya rufe. Da safe ya buɗe, akwati cike da kuɗi. Ashe wai shi ya ba da hankalin ɗiyarsa ga boka don ya yi arziki, miyanta ne dukiyarsa.

Ni ina kallon fuskokinsu. Na ga ido ɗaya ya tashi daga talabijin, ya fita ta ƙofar falo, ya tsallaka tsakar gida, ya sauka a kan ɗaki mai shuɗin tayil. Na ga na biyu ya bi shi. Da aka gama, waɗanda suka saba zama har azahar suna tsintar shinkafa tare da mu duk suka tuna sun bar tukunya a wuta.

Daga nan falo ya fara raguwa. Wannan ta ce mijinta ya hana ta fita, waccan ta ce ciwon kai. Matan da suka ga yarinyar nan tun tana cikin zani, waɗanda suka zo barka, suka ci tuwon sunanta, suka ga ubanta yana jan ƙafa a ƙasa don ya tsayar da keke. Duk abin da idonsu ya gani shekara da shekaru bai kai nauyin abin da akwati ya nuna masu da hantsi ɗaya ba.

Akwai Hajiya ta gidan bayanmu. Shekara ɗaya aka kawo mu lungun nan muna amare, ita tana ce mani Yaya don na ɗan girme ta. Tun daga lokacin muke ciyayya: in na yi dambu kwanona ya tsallaka, in ta yi waina nata ya tsallako. Wata Juma'a na aika mata da dambun zogale. Da na je shanya a bayan ɗaki, katangar da ke tsakaninmu gajera ce, sai na hango dambuna a kwatarniyar awakinta. Kwanon ya dawo a wanke tas, har da saƙon an gode, ya yi daɗi.

Ɗana ba ya kallon wasa, bai san abin da ake ciki ba. Ran nan ya dawo, ya tsuguna, ya zaro hankici kamar kullum. Sai wani daga dakali ya ɗaga murya ya ce, “Alhaji, a ara mana hankicin nan mana, ko na kwana ɗaya ne, mu ma mu fita daga haya!” Aka kwashe da dariya. Shi ma ya yi dariya don bai gane ba. Sai da ya shigo matarsa ta warware mashi. Ina jin su daga ɗakina. Tuwonsa ya kwana a rufe.

Washegari ya dawo, takwara tana bakin zaure ta ɗago haɓa tana jira. Ya ce, “Sannu da gida,” kamar yana gaida baƙuwa, ya raɓa ta gefen kekenta ya shige. Da ya yi sallar magariba ya ce daga yau kada a sake fitar da ita waje sai magana ta mutu.

Na kira shi ɗakina. Na ce, “Zauna. Kai ka yi abin da suke faɗa?”

“Haba Inna.”

“To mi kake ɓoyewa?”

“Inna, ba ki san abin da nake gani ba. Jiya a masallaci wanda ke gefena a sahu ya janye kafaɗarsa. Mutumin da muka yi makarantar allo tare. A kasuwa in na sa hannu a aljihu sai in ga ana kallon hannun.”

Na ce, “In ka fito da ita ka goge mata baki, su ce ga ƙyallen. In ka kulle ta a ciki, su ce ga ɗakin. Masu wasan nan ba su bar maka ƙofa ko ɗaya ba. Tunda duk inda ka bi za su faɗa, ka bi inda ɗiyarka take.”

Ya ce, “Ki yi haƙuri, Inna. Kwana biyu ne.”

Ba kwana biyu ba ne. Damina ta shigo ta same ta a ciki. Ya daina ɗaukar hankici ko a cikin gida, uwarta ta wanke su ta jera a ƙasan akwati. Ɗakin da ya gina da hannunsa ya daina shiga, sai ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ya jiki, ita da ba ciwo take ba. Takwara ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma ambaci sunansa ba. Amma in la'asar ta yi sai ta juya kekenta da ƙafa ɗaya, a hankali, har ta fuskanci zaure, ta zauna tana sauraren masu wucewa. Shirin kuwa ba ta daina kallo ba. Na ce a kashe wannan shara, ta ce a'a, tana so ta ga inda za su kai ta.

Ga inda suka kai ta. Alhajin shirin ya yi mafarkin wuta, ya tashi yana kuka, ya tara malamai ya tona kansa. Aka ƙone akwati, aka yi addu'a, aka tofa a ruwa aka shafa wa yarinya. Nan take hannu ya miƙe, wuya ya tsaya, ta tashi tsaye a kan ƙafafun da wai ba su taɓa tafiya ba, ko tangaɗi babu. Ta buɗe baki ta yi jawabi mai tsawo da Hausa tatacciya, ta yafe wa kowa. Kafin a rufe shirin har an yi mata miji. Mu da muka yi shekaru muna kai yarinya gashin ƙashi don yatsa ɗaya ya saki, su sun gama da kofin ruwa.

Bayan kwana kaɗan sai ga sallamar Hajiya ta gidan baya, wadda rabonta da gidanmu tun ranar ƙyalle. Na shimfiɗa mata tabarma a inuwar ɗakin takwara. Muka gaisa, ina wuni, ina gajiya, ya ruwa, ya jikoki, ya ƙafa, ya masu jiki. Muka sake gaisawa. Sannan ta matso, ta rage murya.

“Yaya, ni da ke ba ɓoye-ɓoye. Don Allah na zo, ba don kowa ba. Kin ga yadda abin nan ya ƙare?”

“Wane abu?”

“Na talabijin. Kin ga da uban ya tuba yarinya ta tashi. Ke uwa ce, zai ji maganarki. Ki sa shi a ɗaki ki lallashe shi. Dukiya mi ce ce? Ya mayar masu da abinsu, baiwar Allah nan ta samu ta taka ƙasa ko sau ɗaya.”

Hawaye ne a idonta. Da gaske take, abin da ya fi ci mani rai ke nan. Da mugunta ta kawo da na san abin da zan yi da ita.

Na ce, “Hajiya, ranar da aka haifi yarinyar nan wa ya riƙe mani mayafi a barandar asibiti?”

“Ni ce.”

“Wa ya ce mani, Yaya, jaririyar nan ba ta yi kuka ba?”

“Ni ce, amma ai irin waɗannan abubuwan tun a ciki ake...”

“Da mi ya biya bokan? Da keken nan nashi marar burki?”

“Yaya, su masu shirin nan ai ba za su ƙirƙira haka kawai ba. Sai da suka bincika.”

“Wa suka bincika? Sun zo nan? Sun tambaye ki? Yarinyar da ba ta iya riƙe hannu ɗaya daga mako zuwa mako ita ce malamarki yanzu?”

Sai muka ji motsi daga cikin ɗaki. Ashe taga a buɗe take. Muryar takwara ta fito, kalma ɗaya bayan ɗaya.

“Hajiya.”

“Na'am, ɗiyata, na'am.”

“In na tashi... ke zan fara bi... da gudu.”

Hajiya ta rasa inda za ta sa ido. Ta laluba takalmanta, ta ce ta bar jika shi kaɗai. Ko rakiya ban yi mata ba.

Tana fita takwara ta ce, “Tsohuwa, tura ni waje.” Uwarta ta fito daga madafa tana cewa babanta ya hana. Na ce ni na haifi babanta. Ƙarfina ba na da ba ne, amma na dafa keken na tura, muna tafiya muna tsayawa, har bakin zaure. Na jawo tabarma na zauna a gefenta. Dattawan dakali suka gaishe ni sama-sama. Miyau ya fara zubo mata, na kai bakin mayafina zan goge, ta kawar da kai. Na sake kaiwa, ta buge hannuna da na hagunta. Na gane. Na bar ta. Haka ta zauna har gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, mutane suna wucewa ta ɗaya gefen hanya suna kallo.

Dab da magariba ɗana ya iso. Ya fito daga mota da farar shadda, ya gan mu, ya tsaya. Ya dube ni, na dube shi. Ya ɗaga ƙafa zai raɓa ya shige.

“Baba,” ta ce. Kalmar ta daɗe kafin ta gama fita. Duk lungun ya ji. “Bakina.”

Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa. Ba komai a ciki. Ya waiga ya dubi dakali, su ma shi suke duba, har mai neman aron hankici yana nan da carbi a hannu. Ban san tsawon tsayuwar da ya yi ba. Sannan ya tattare riga ya tsuguna, ya jawo hannun shaddarsa, ya goge mata haɓa, ya goge wuya, ya juya wajen da bai jiƙe ba ya sake gogewa.

“To,” ya ce. “Yau wa ya wuce?”

“Duk sun wuce,” ta ce. “Ba wanda... ya gaishe ni.”

Ya jira har ta gama. Ya ce, “Faɗa mani su, ɗaya bayan ɗaya.” Ta kuwa shiga lissafa su, da dattawan suna ji, har aka kira salla tana kan faɗa.

Kada ku zaci magana ta mutu. Kafin sati an ce yanzu ya daina sa miyan a aljihu, a jikin riga yake ɗauka don ya fi ƙarfi. Ɗana yana nan yana sayar da tayil, wasu sun daina saye a wurinsa, wasu ba su taɓa jin zancen ba. Benen da ya yi niyyar ɗorawa ya fasa, har yau ƙarafan suna tsaye a kan rufi sun yi tsatsa. Uwarta ba ta sake buɗe falo ga matan lungu ba, ko da suka fara dawowa da sallama da 'yan dabaru. Mai neman aron hankici hawan jini ya kwantar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ke ba shi abinci a baki. Ɗana yana zuwa duba shi ranar Juma'a, ni ban hana ba, ban kuma aika gaisuwa ba. Hajiya ta koma wurin ɗiyarta a Ƙofar 'Yandaka, mukan haɗu a gidan rasuwa mu gaisa da baki. Yarinyar da ta yi wasan an ce har kyauta aka ba ta, yanzu tallan man shafawa take yi, ana nuna ta tana juya hannuwa biyu. Takwarata ta zama budurwa sosai, ba ta tashi ba, ba ta taka ƙasa ba, ta koyi tura saƙon murya a waya tana damun dangi da shi tun daga nan har Legas. Ni kuwa ido ya yi rauni, an ce yanar ido ce, za a kankare bayan salla.